Lambar da Ke Jikin Kwalin Nura

Ranar da Nura ya sare rassan mangwaron, Balaraba ta dawo daga bakin asibiti da kulolin zoɓonta, ta tarar da tsakar gida ya yi fayau kamar ba nata ba. Rabin bishiyar na kwance a ƙasa. Marigayi mijinta Malam Isyaku ne ya shuka ta da hannunsa shekarar da suka tare a Gyadi-Gyadi, a inuwarta kuma ya yi jinyarsa ta ƙarshe a kan tabarma. Nura kuwa yana can saman kwano yana ɗaure fanel ɗin sola, har da 'yar waƙarsa.

"Inna, inuwar ce take hana batir cika," in ji shi daga sama. "Zai sake tofowa, wallahi zai tofo."

Balaraba mace ce mai haƙuri da kowa a titi, ɗaliban asibiti su zaɓi kwalba su mayar su sake zaɓa ba ta tankawa, amma duk abin da ta haɗiye a waje a gida take amayar da shi. Ta faɗa masa maganganu da yawa a yammacin nan. Ta ƙarshen ita ce ya ɓace mata da gani, kada ta ƙara ganin idonsa. Shekararsa ashirin da shida, amma haka ya sauko ya tsaya kansa a ƙasa har ta gama.

Da safe, ranar Talata, ya zo ƙofar ɗakinta da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi banza da shi. Ya ce an kira shi wani aiki a wajen gari, ya fara faɗin sunan wurin, sai ta miƙe ta turo ƙofa. Ta ji shi ta bayan ƙyaure yana cewa, "Inna, ki yafe mini, a yi mini addu'a." Ta ji tafiyarsa, ta ji ya murza mukullin ƙofar gida daga waje. A ranta ta ce idan ya dawo da magariba ta amsa masa, ai ba a barin yaro ya saba da samun yafiya da arha ba.

Bai dawo da magariba ba. Layinsa a kashe. Kwana uku tana kira, tana zagaya abokansa, ba wanda ya san inda aikin yake, domin Nura mutum ne da ake kira daga ko'ina ya ɗauki jaka ya tafi. A rana ta huɗu ta kai rahoto wani ofishin jami'an tsaro, aka haɗa ta da wani dattijon ma'aikaci mai suna Malam Lawan, mutum mai sanyin magana da tabarau ɗaure da zare.

"Hajiya, layi ana iya cire shi a yar," in ji Malam Lawan. "Amma kowace waya tana da lambarta ta jiki, wadda ba ta canzawa ko layin wa aka sa mata. Tana rubuce a jikin kwalin da aka sayo ta. Idan kwalin yana nan, ki kawo mini."

Kwalin yana nan. Da ƙaramar sallar bara Nura ya sayo wayoyi biyu iri ɗaya, baƙaƙe, ɗaya tasa ɗaya tata, don ta daina fama da tsohuwar da ake ɗaure wa batir da roba. Kwalin tasa yana kan kantar ɗakinsa, ya cika shi da ƙananan noti. Ta zazzage su a kan katifa, ta rungumi kwalin ta koma. Malam Lawan ya kwafe lambobi goma sha biyar daga farar takardar da ke gefe, ya karanta mata su da ƙarfi don ta shaida. Na ƙarshen su ne huɗu, bakwai, ɗaya, tara. Kafin ta isa bakin titi ta haddace su.

Bayan mako guda ya kira ta ciki, fuskarsa a sake.

"Wayar tana aiki. Jiya ma an yi kira da ita. An sa mata wani layin ne daban, amma shi ma da sunan Nura Isyaku aka yi masa rajista. Kuma ba ta bar garin nan ba, Hajiya. Turken sadarwa na Gyadi-Gyadi take kamawa da yamma, da safe kuma na wajen kasuwar Tarauni."

Balaraba ta zauna a ƙasa tana hamdala. Ta roƙi ya ba ta lambar sabon layin, ya ce doka ba ta yarda ba, amma zai kira a gabanta. Ya danna, ya buɗe murya don ta ji. Aka ce wayar a kashe take.

"Kin gani," in ji shi. "Kun sami saɓani ne kafin ya fita?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, fushi ne irin na 'ya'yan yanzu. Ya canza layi ya kwanta a gidan wani aboki. Idan ya huce zai dawo da ƙafarsa."

A bakin ƙofar ofishin akwai ƙa'ida: duk mai shiga sai ya kashe wayarsa ya ajiye a wani akwatin katako, a ba shi ɗan kati. Balaraba ta miƙa katinta ta karɓi tata, ta kunna, ta hau adaidaita sahu tana murmushi ita kaɗai. Ɗan banza, a ranta take cewa, ashe kana nan kusa kana kallona ina zubar da hawaye.

Daga ranar rayuwarta ta koma bin wannan lamba. Kowace safiya dama takan je kasuwar Tarauni sayen zoɓo da citta da kanumfari, to yanzu sai ta riƙa daɗewa, tana leƙa kowace rumfa, tana juyowa ba zato ko za ta kama shi a bayanta. Duk saurayi mai jaka a kafaɗa sai ta bi shi da ido har ya juyo da fuskar wani. Ranar Litinin da Alhamis takan je wurin Malam Lawan. Wata Alhamis ya ce mata a wannan makon an ga wayar a Darmanawa. Murna ta kama ta, domin ita ma ranar Talata ta je Darmanawa gidan wani tsohon abokinsa neman labari. Mako na gaba ta je Hotoro wurin ƙanwar babansa, sai ga shi an ce wayar ta kama turken Hotoro.

"Bin sawuna yake yi," ta ce wa Malam Lawan, idonta cike da ƙwalla. "Kunya ce ta hana shi fitowa."

"Alamar ya kusa saukowa ke nan," in ji shi. Ya sake kira a gabanta, kamar kullum, kamar kullum kuma a kashe.

Ta fara zuba masa abinci. Da la'asar sai ta sa tuwo da miyar kuka a kwanon samira, irin yadda yake so da man shanu, ta ajiye a zaure ta bar ƙofa a sakaye. Wata rana takan tarar an cinye, ta sani sarai maguna ne ko 'yan unguwa, amma ba ta yarda ta sani ba. Maƙwabta suka shawarce ta ta leƙa ɗakunan ajiye gawa, ko ta sa a yi cigiya a rediyo. Ta ce musu a'a, ɗanta yana da rai, hukuma ce ta faɗa, takarda ce ta nuna. Wanda ya matsa mata sai ta daina gaishe shi. Ta tanadi maganar da za ta faɗa masa, ta gyara ta ya fi sau ɗari: za ta fara da faɗa kaɗan, don kada ya raina ta, sannan ta ce ta yafe. Ta ƙudura ba za ta faɗe ta ga bango ko ga iska ba, sai ido da ido.

A rana ta arba'in da uku wayarta ta daina caji. Hankalinta ya tashi, domin idan Nura ya huce ya kira ya ji ta a kashe, zai ce har yanzu fushi take. Ta bar kuloli wurin maƙwabciyar sana'arta ta nufi shagon Ikemefuna, mai gyara da sayar da waya a layin bayan kasuwar Tarauni. Ike, kamar yadda kowa ke kiransa, a Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma a wurinsa Nura ya sayo wayoyin biyu. Yana ganin ta ya miƙe ya goge mata benci.

"Mama, sannu da zuwa. Akwai labarin Nura?"

"Yana nan cikin gari, Ike. Fushi yake da ni. Duba mini wannan, ba na so ya kira ya rasa ni."

Ike yana da wata al'ada da abokan sana'arsa ke yi masa dariya a kai. Tun da wani ya taɓa zarginsa da musanya waya, ba ya sa sukurdireba a kan ta kowa sai ya fito da lambar jikinta, ya rubuta a littafi, ya karanta wa mai ita na ƙarshen da ƙarfi. Ko faston cocinsu ne ya zo sai ya tsaya an yi masa wannan karatu. Akwai ɗan sauran caji, ya danna wasu alamomi, lambobi suka fito a fuskar wayar. Ya jawo littafi yana rubutu.

"Mama, ki shaida. Ƙarshenta huɗu, bakwai, ɗaya, tara."

Balaraba ta yi 'yar dariya. "Kai ma ka haddace ta? Ai wannan ta Nura ce."

"Ta wayarki ce, Mama. Ga ta nan a rubuce."

"Ta Nura ce nake gaya maka. Kwana arba'in ina kwana da ita ina tashi da ita."

Ta buɗe jakarta ta fito da kwalin, wanda ba ta rabuwa da shi, gefensa har ya yi laushi don riƙo. Ike ya karɓa. Ya dubi farar takardar, ya dubi fuskar wayar, ya sa yatsa yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyar. Ya ɗauki ɗan tsinke ya zaro mazaunin layi, ya kara shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, domin a nan ma akan buga lambar da ƙananan haruffa. Ya share bakin cajin da buroshi, ya fitar da wani dunƙulen datti, ya jona wayar da kwamfuta, ya jira ta nuna abin da ta gani. Sau uku ya duba, ta hanya uku, kamar mai fatan ɗaya ta ƙaryata sauran. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Mama, wannan kwalin na wayarki ne."

"A ɗakinsa na ɗauko shi."

"Na sani. Na tuna ranar. A kan teburin nan ya buɗe su duka biyu, ya sa layuka, ya gwada, ya mayar. Wayoyi iri ɗaya, kwalaye iri ɗaya, ba wanda yake dubawa. Kowa ya ɗauki wanda ya zo hannunsa." Ya ɗago ya dube ta. "Layinki, wa ya yi masa rajista?"

Nan take ta tuna. Nura ne. Ranar da ake ta cunkoson rajista ya ce ba zai bar ta ta tsaya a rana ba, ya yi da katin shaidarsa.

"Idan kin je ofishin, ina kike ajiye wayar?"

"A bakin ƙofa. Sai an kashe."

Bai ƙara tambaya ba, ita ma ba ta buƙaci bayani ba. Gyadi-Gyadi da yamma, kasuwar Tarauni da safe, Darmanawa ranar Talata, Hotoro mako na gaba. Ta ga kanta tana juyowa a tsakiyar kasuwa don ta kama mai bin ta, alhali abin da ake bi yana cikin jakarta. Ba kowa a bayanta tun farko. Ta riƙe bencin da hannu biyu.

"Ɗayan kwalin yana ina, Mama?"

"Allura da zare nake zubawa a ciki," ta ce a hankali. "Yana cikin sif ɗina."

Ike ya ja ƙofar shagonsa ya kulle, da rana tsaka, ranar ciniki. Ya tare adaidaita sahu suka tafi tare. A ɗakinta ta juye kwalin a kan gado, maɓallai da ƙulullun zare suka watse har ƙasa, ba ta tsaya tsince su ba. Kwana arba'in da uku yana nan, taku uku daga inda take sallah.

A bakin ƙofar ofishin Ike ya roƙi alfarma a bar ta ta shiga da wayar a kunne, sau ɗaya. Malam Lawan ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ɗauki tasa wayar ya danna layin da ya saba kira. Jakar Balaraba ta ɗauki ƙara. Suka bar ta tana yi har ta katse, ba wanda ya motsa. Dattijon ya cire tabarau ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Hajiya, ki yafe mini. Ya kamata in karanta miki lambar layin tun ranar farko."

"Ni na kawo maka kwalin," in ji ta.

Kwana biyar aka ɗauka kafin amsar sabuwar lambar ta zo, kuma layi ɗaya ne tak a takardar. Wayar Nura ta kama turke na ƙarshe ranar Talatar da ya fita, ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna na safe, a kan hanyar Zariya, gaba da Kura. Daga nan ba ta sake kunnuwa ba. Malam Lawan ya riga ya bincika kafin ya kira ta. A wannan wuri, a wannan lokaci, wata bas ta yi karo da motar mai, wuta ta tashi. Mutum bakwai suka rasu. Biyar 'yan uwansu sun zo sun gane su ta takardar fasinja ta tasha. Biyu a bakin titi suka hau, babu sunansu a ko'ina. An ajiye su a ɗakin ajiye gawa mako uku ana cigiya a rediyo, ba wanda ya zo, aka mayar da su ƙauyen da abin ya faru aka yi musu sutura.

Mako uku. Balaraba ta lissafa a ranta. A makon ne take Darmanawa tana murna ana bin sawunta, a makon ne ta daina gaishe da matar da ta ce ta saurari rediyo.

Washegari suka tafi da safe, ita da Ike da Malam Lawan. Mai unguwar ƙauyen ya fito musu da wani buhu da ya adana a rumbu, abin da aka tsinta a wurin bayan wuta ta mutu. Ya zazzage a kan tabarma: filaya da robar hannunta ta narke, sukurdireba biyu, murfin agogo, wasu ƙarafa da ba a gane ko mene ne ba, da mukulli guda, baƙi ƙirin. Balaraba ta kwance bakin zaninta ta fito da nata mukullin ƙofar gida. Ta ɗora shi a kan wancan. Haƙoransu suka hau juna daidai. Ta yi salati, maza suka amsa, ta ƙara yi.

Maƙabartar tana bayan gari, an kewaye ta da ƙaya. Mazan suka shiga, ita ta tsaya daga waje inda mata ke tsayawa. Limamin ƙauyen ya nuna mata daga nesa: kaburbura biyu a gefe, kusa da juna, ƙasarsu ta fara kwanciya, ciyawar damina ta fara fitowa a kai.

"Wanne ne nasa, Malam?"

"Allah ne ya sani, baiwar Allah. Ba yadda za a bambance su. Tare muka sallace su."

Ta daɗe tana kallon na dama, ta koma na hagu. Ta nemi faɗan da ta tanada za ta fara da shi, ta rasa ko kalma ɗaya. Baƙin ciki ya rufe ta, domin ta san a lokacin da wutar nan ke ci, ita tana gida tana tace zoɓo tana jin daɗin ta hora shi. Ta matsa har ƙaya ta kama mayafinta, ta fuskanci na dama.

"Nura, na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

Sannan ta juya ga na hagu, ta faɗa masa daidai yadda ta faɗa wa na farko, ba ta rage ko kalma ba, don ba ta san a wanne ɗanta yake ba, ɗayan kuma har yau uwarsa ba ta zo ba.

Da la'asar ta isa gida. Kwanon jiya yana zaure a rufe, ba abin da ya taɓa shi. Ta ɗauke shi ta shiga ciki. A inda Nura ya sare mangwaron, ƙananan ganye jajaye sun fito cunkus a bakin kowane reshe. Ta tsaya a ƙarƙashi da kwanon a hannu tana kallon su, sannan ta koma zaure ta rufe ƙofar da ta yi makonni tana bari a sakaye, ta murza mukulli.